Tuwon da Ba Mu Muka Tuƙa Ba

Yatsuna ne suka fara sani kafin ni. Na sa hannu cikin malmalar zan gutsuro loma, sai na taɓa wani abu mai santsi da tauri, wanda ba shinkafa ba ne. Leda ce. Ba irin wadda ake naɗe tuwo a ciki ba, wannan a can tsakiyar malmalar take, an cusa ta an shafe baki. Da ina da wayo da na janye hannuna na gutsuri gefe. Ni kuwa sai na jawo ta waje, na ɗaga ta sama a gaban gandirobar da ke duba abinci, na ce mata da Yarabanci, "Madam, mene ne wannan?"

Wuyan hannuna ta cafke.

A ƙofar gidan yarin nan doka ce, duk wanda ya kawo wa ɗaurarre abinci sai ya ɗanɗana a gabansu. Kowane kwano, kowace miya, har ruwan kunu. Wai don kada wani ya kashe nasa da guba a ce su ne. Na daɗe ina yi har ya zame mini jiki: in buɗe, in gutsura, in dangwali miya, in haɗiye tana kallon maƙogwarona, sannan ta tura kwanon ciki ta ɗan taga. Matar nan ba ta taɓa yi mini murmushi ba. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, hularta kullum a karkace. "'Yar Sabo" take ce mini, kamar unguwarmu ta Hausawa wata cuta ce. Wata rana ta mayar da ni saboda cokalin ƙarfe, wata rana saboda ƙashi a cikin miya, wata rana kuma ba dalili, kawai ta ce lokaci ya wuce alhali rana ko tsaka ba ta yi ba.

Yayana nake kai wa abincin. Shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu tun rasuwar Baba, kuma shi ke riƙe da mu, ni da Inna. Yana sayar da albasa a kasuwar Shasha. Ranar da aka kama shi ya je tashar Ojoo ne tarbar kaya daga Arewa, faɗa ya ɓarke tsakanin 'yan tasha, aka sari wani, 'yan sanda suka zo suka kwashe duk wanda ƙafarsa ba ta yi sauri ba. Yaya ba ya gudu, yana ganin wanda bai yi komai ba ba ya gudu. Kotu ta aika da su ajiya gidan yari, aka ce beli sai mai takardar gida ko babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa. A layinmu gidaje na kakanni ne, ba wanda ya taɓa ganin takardarsu. Manyan unguwa suka ce a bar musu, za su san yadda za a yi. Aka yi ta ɗage shari'a, su kuma suna ta sanin yadda za a yi.

Gabzar da ake ba ɗaurarru su ci a ciki ba ta karɓe shi ba. Zuwana na farko na tarar da wuyansa ya fito, leɓensa ya tsattsage. Daga nan Inna ta ce ko me za a yi, kullum sai tuwon gida ya shiga cikinsa. Ita ciwon ƙafa ya hana ta hawa keke napep sosai, sai ya zama ni ce mai zuwa.

Ran nan da safe na fito da kular abincinmu, ina tsaye bakin layi ina jiran keke, sai ga ɗan autan maƙwabciyarmu da sauri. Matar nan Gwaggo muke ce mata, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ta yi wa Inna wankan jego lokacin haihuwata. Ɗan nata sa'an Yaya ne, yana sayar da kayan waya wajen unguwar Mokola. Yana riƙe da samira a ɗaure cikin tsohon ɗankwali, ƙullin nan mai kunne biyu da mata ke yi.

Ya ce, "Ƙanwata, tsaya. Gwaggonki ta ce a kai wa yayanki. Tun asuba take fama da shi."

Na ce, "Allah sarki. Allah ya saka."

"Malmala biyu ce. Ki ce masa ya ci ɗaya, ɗayar ya ba yaron nan ɗan layin masallaci da suke ɗaki ɗaya. Ba mai zuwar masa, abin tausayi."

Har kuɗin keke ya so ya biya mini, na ƙi.

Mutane sun yi ta tambayata daga baya, me ya sa ban buɗe ba. Duk masu tambayar nan ba 'yan Sabo ba ne, ko kuma 'yan Sabon ne da suka ga dama suka manta. A wurinmu gidan da aka shiga damuwa kwano ba ya yanke masa. Rasuwa, haihuwa, ciwo, kamu, duk ɗaya. Kuma ba a kwance ɗaurin kwanon maƙwabci a gaban wanda ya kawo, balle a kan titi a tsaya ana tona masa tuwo. Wanda ya yi haka ya ce musu mayu ke nan. Karɓa ake da hannu biyu, a yi godiya, in za a mayar da kwanon a sa ɗan sabulu ko sukari a ciki, don ba a mayar da shi haka nan. Da wannan aka raine ni. Na ɗora samirar a cinyata cikin keke, ɗuminta yana ratsa zanina, har ina jin daɗi wai yau Yaya zai san ba a manta da shi ba.

Gandirobar ta yaga ledar da farce a kan tebur. Ƙwayoyi ne farare da jajaye, da layin waya guda ɗaya manne da salatif. Matan da ke bayana a layi suka ja da baya kamar na kama da wuta. Wata tsohuwa da muke gaisawa kullum, wadda har na taɓa riƙe mata jaka, ta ce, "Kai, Hausawan nan!" Wata ta ce, "Dubi hijabi har ƙasa." Wani gandiroba namiji ya zo ya kwashi kwanukan, ya karɓe wayata da jakata, ya ce, "Oya, shiga ciki. Kin gaji da kawo abinci, yau za ki fara ci."

Ƙaramar ƙofar nan da ke jikin babbar, wadda kullum nake kallo daga waje, ita aka buɗe mini. Ƙarar sakatarta a bayana ita ce har yau take tashe ni daga barci.

Aka sa ni wani ɗaki na zauna a ƙasa, duk da ga benci. Gandirobar ta caje ni, ta sa na cire hijabi, ta tona kitsona da yatsunta kamar mai neman ƙwarƙwata. Ina ta cewa ba nawa ba ne, aiko ni aka yi. Ta ce duk wanda ya zauna a wurin nan haka yake faɗa. Sai ga babbansu, wani gajere mai furfura a gashin baki, ya zauna ya jera kayan a gabansa. Bai ɗaga murya ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Ya ce an kira 'yan sanda. Ya ce ɓangaren mata yana nan bayan wancan bangon, akwai wuri. Ya tambaye ni wa ya ba ni, sai na tuna gidan da kwanon ya fito. Gwaggo ce fa. Matar da ta goya ni. Na ce a bar ni in kira gida tukun.

Suka ba ni waya na kira Inna. Ban iya gama bayani ba, salatinta kawai nake ji. Ta ce za ta turo Kawu.

Kafin ya iso aka shigo da Yaya. Rabona da ganinsa ba ragar taga tsakaninmu tun ranar da ya fita zuwa Ojoo. Ya rame fiye da yadda taga take nuna mini, ƙafafunsa duk ƙuraje. Ya dube ni a ƙasa ba hijabi, ya dubi teburin, nan take ya ce wa babban, "Oga, nawa ne. Ni na sa a kawo mini. Ba ta san komai ba."

Na ce, "Yaya, ƙarya kake yi!"

Ya ce da Hausa, "Rufe mini baki. Ni ina ciki dama."

"Kana ciki a kan abin da ba ka yi ba, yanzu kuma za ka ƙara da wani? Sigari ma ka taɓa sha? So kake Inna ta mutu ba ta gan ka ba?"

"Na ce ki yi shiru!"

Babban ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce idan na Yaya ne to an samu mai saye, saura mai kawowa, kuma ga ta nan zaune. Ya tambaye shi ƙwayoyin kala nawa ne, ya rufe su da tafin hannu. Yaya bai san kalarsu ba. Aka fitar da shi yana waiwaye, na ji yana roƙonsu a baranda har muryarsa ta ɓace.

Kawu ya iso bayan azahar. Wan Inna ne, yana cikin dattawan da ke zama gaban masallaci, waɗanda in an yi rigima a unguwa su ake kira. Ya shigo da babbar riga da carbi, ya gaisa da kowa hannu bibbiyu, ya yi ta "ranka ya daɗe". Aka ba shi izinin magana da ni. Ya tsuguna kusa da ni, ya sassauta murya.

Ya ce, "Na san kwanon waye. Uwar yaron da ya miƙo miki ta zo gida tana kuka, ta ce ita tuwo kawai ta tuƙa. Yaron ya kashe waya."

Na ce, "To Kawu, ka gaya musu."

"Saurara. Ki ce a hanya kika saya, wajen masu abinci a Mokola, ba ki san mai shi ba. Wannan maganar gida ce, a gida za a yi ta. Ba ma kai namu hannun hukuma, ba a taɓa yi ba. In kika ambaci gidan nan 'yan sanda za su shiga layinmu da mota, ba ki san wa da wa za su ɗiba ba. Kuma uwarki da wane ido za ta kalli matar nan?"

"Ni fa?"

"Ke kwana ɗaya ne ko biyu a ofishinsu. Za mu san yadda za a yi."

Wannan kalmar ce. Da ya faɗi wata daban, wataƙila da na bi, don ban taɓa musa wa Kawu ba, ko idonsa ban taɓa kallo ba. Amma ita ce dai kalmar da suka gaya wa Inna ranar da aka tafi da Yaya. Na ɗago na dube shi.

Na ce, "Kamar yadda kuka san yadda za a yi da Yaya?"

Ya ce, "Ke! Ni kike gaya wa haka?"

"Ɗansu yana gida yana cin tuwo, namu biyu a nan. Shi ne maganar gida?"

"Marar kunya. Bokon da aka sa ki ke nan."

Na miƙe ba tare da an ce in tashi ba. Gandirobar ta yunƙuro, na ce mata kwanon kawai zan nuna. Na ɗauki samirar na juye sauran tuwon a kan murfi, na kifa ta a gaban babban. Da Yarabanci na yi maganar, da ƙarfi, don kada wani ya ce bai ji ba.

A Sabo kwano yawo yake yi gida gida, saboda haka kowace mace tana da alamarta a gindin kayanta. Tamu koren fenti ne, ragowar wanda Baba ya shafa wa ƙofa. Ta Gwaggo ɗigon jan farce ne da aka ja masa wutsiya. Tun ina ƙarama ni ake aika mayar da kwanuka, ko a mafarki na san ta. Na nuna masa jan, na kifa kularmu na nuna masa koren. Na faɗi gidan, na faɗi wanda ya miƙo mini, na faɗi inda shagonsa yake. Na faɗi kuma wanda aka ce a ba malmala ta biyu, yaron nan ɗan layin masallaci.

Kawu ya kaɗe rigarsa. Ya ce, "Kin kyauta. Sai ki nemi wata unguwar." Ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Daga nan sai jira. An tura gandirobobi ɗakin su Yaya. 'Yan sanda biyu suka zo, suka sa na maimaita komai daga farko, ɗayan yana rubutu yana hamma, ɗayan yana tambayata ko saurayina ne mai shagon, ko tare muke sana'ar, ko nawa ake ba ni duk zuwa. Ya ce yarinya mai fuskar salihai irina su suka fi iya wannan aiki. Suka ɗauki hoton gindin samirar, suka fita. Ba wanda ya ce mini ga abin da ake ciki. Na roƙi ruwa in yi alwala, aka ce wanda ya kawo ƙwaya gidan yari me zai gaya wa Allah. Na yi taimama a jikin bango na yi la'asar a inda nake, ban san ma ina alƙibla take ba.

Ta tagar ɗakin ana hango bangon ɓangaren mata. An shanya zannuwa a kan igiya, wata tana rera waƙar coci, wani jariri yana kuka. Jariri, a ciki. Na yi ta kallon zannuwan ina tunanin wa zai kawo mini nawa. Inna ba ta iya hawa keke. Yaya yana ciki. Kawu ya tafi. Wa zai tsaya a layi ya ɗanɗana mini abinci? Na lissafa mutanen layinmu gida gida, duk waɗanda na kai wa kwano na karɓo, ban samu ko ɗaya da na tabbata zai zo ba.

Ban yafe ba, gara in faɗa. Har yau ban sani ba ko Gwaggo ta san abin da ke cikin tuwonta. Ta rantse ba ta sani ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Amma da ta ji an kama ni, ba nan ta zo ba, gidanmu ta je neman a rufa wa ɗanta asiri. Shi kuwa ya dubi idona ya ce mini ƙanwata. Ya san dokar ɗanɗanawa sarai, ya dai yi lissafin cewa gefe zan gutsura kamar kowa. Da ledar ta wuce, da Yaya ne zai miƙa malmalar da hannunsa bai san me ya miƙa ba. Akwai matan da har yanzu in na wuce sai su yi shiru, wasu sun daina aiko mana da kwano. Sun huta, mun huta. Ni dai tun ranar ban ƙara sa hannu cikin tuwo ba, ko na Inna ne sai na daddatsa shi da cokali.

Rana ta yi sanyi, inuwar bangon ta rufe tsakar gidan, sai na ji takun takalmi. Gandirobar ce ita kaɗai. Ta tsaya a kaina, hijabina a hannunta. Na ɗauka ta zo tafiya da ni bayan bangon ne, na fara karanta duk abin da ya zo bakina.

Ta jefo mini hijabin. Ta ce, "Sa kayanki."

Na ɗauka ina neman wuyansa. Tana kallona ina juya shi.

Ta ce an samu waya a cikin katifar yaron nan ɗan layin masallaci, waya ba layi, layin yake jira. Da aka matsa shi ya faɗi wanda ke aiko masa, sunan da na faɗa ne. 'Yan sanda sun je Sabo, mai shagon ya gudu, amma sun shiga madafar uwarsa sun kifa kwanuka, duk ja mai wutsiya.

"Kuma na gaya wa oga abin da na gani," in ji ta. "Na daɗe a ƙofar nan. Mai kaya ɓoyewa yake yi. Ban taɓa ganin wawiyar da ta zaro nata ta ɗaga sama tana tambayata mene ne ba."

Na ce, "Madam, Yayana fa? Ya ce nasa ne."

"Shi ma wawa ne. Gidanku duk haka kuke? An mayar da shi ɗakinsa, ba abin da aka rubuta masa."

Ta miƙo mini jakata da wayata da kularmu. An cinye tuwon Inna ko an zubar, ban tambaya ba. Samirar Gwaggo tana kan teburin babban a kife, an manna mata takarda.

Na ce, "Gobe zan iya kawo abinci?"

Ta dube ni kamar za ta zage ni. Ta ce, "Kwano ɗaya. Wanda kika ga an tuƙa da idonki."

Ina nan zaune a ƙasa ina tattara kayana. Daga wani masallaci can waje aka fara kiran magariba. Ta sunkuyo ta kama wuyan hannuna, daidai inda ta cafke da safe, ta ɗaga ni tsaye.

Ta ce, "'Yar Sabo, babu sunanki a cikin takardarsu. Ba mai taɓa ki. Tafi gida."